Muhawara: Wanda ya ɗebo ƙanƙara a duniyar Wata, tasa ce?

Injiniya Bala: Jama'a, matsayina shi ne duk kamfanin da ya kai kumbonsa duniyar Wata ya ɗebo ruwa ko ma'adini yana da haƙƙin sayar da abin da ya ɗebo, kuma hakan bai saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa ba. Amurka ta kafa doka a kan haka a 2015, Luksamburg ta bi sahu a 2017, Japan kuma a 2021. A 2020 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ba kamfanoni huɗu kwangilar su tattara ƙasar Wata su sayar mata, ɗaya daga cikinsu a kan dala ɗaya tak, domin a kafa hujja cewa irin wannan ciniki halattacce ne.

Barista Hauwa: Injiniya, dokar cikin gida ba ta shafe yarjejeniyar duniya. Sashe na biyu na Yarjejeniyar Sararin Samaniya ta 1967 ya hana kowace ƙasa mallakar Wata, ko ta hanyar da'awar iko, ko ta amfani da shi, ko ta zama a kansa, sashe na shida kuma ya ɗora wa gwamnati alhakin duk abin da kamfanonin ƙasarta suka yi a can. To, wanda ba shi da gona, ta yaya zai ba wani izinin girbe ta?

Injiniya Bala: Barista, babu mai mallakar tsakiyar teku, amma kifin da masunci ya kama nasa ne. 'Yan sama jannatin Apollo na Amurka sun dawo da duwatsu da ƙasa kilo 382, kumbon Chang'e 5 na ƙasar Sin ya kawo giram 1,731 a 2020, kuma waɗannan ƙasashe suna riƙe da abinsu har yau.

Malam Sadisu: Samfurin bincike daban, hajar kasuwa daban, Injiniya. Sai dai dole in faɗa wa Barista cewa yarjejeniyar da ta fito fili ta kira albarkatun Wata gadon dukkan 'yan Adam, wato Yarjejeniyar Wata ta 1979, babu babbar ƙasa mai zuwa sararin samaniya da ta amince da ita, Saudiyya ma da ta shiga ta sanar da ficewarta a 2023.

Dokta Amina: Malamai, ina ganin misalin kifin nan ne ya karkatar da mu. Kifi yana yawo, tekun kuma yana da faɗi, amma ƙanƙarar Wata tana zaune ne a cikin wasu ramuka da hasken rana ba ya taɓa shiga, musamman a ƙuryar kudu, kamar ramin Cabeus inda binciken kumbon LCROSS na NASA ya tabbatar da ruwa a 2009. Darajarta kuwa ita ce ana iya raba ruwan zuwa haidrojin da oksijin a samu man roka da iskar shaƙa ba tare da an ɗauko su daga nan ba. Mai haƙa yana bukatar tudu mai samun rana kusan kullum domin lantarki, a kusa da ramin, kuma taswirar da tauraron ɗan Adam na LRO ya zana ta nuna irin waɗannan tuddai 'yan kaɗan ne. Yarjejeniyar Artemis, wadda Amurka ke jagoranta kan ayyukan ƙasashe a Wata, ta tanadi yankin kariya kewaye da wurin aiki. Idan wani ya riga ka kafa injinsa a bakin rami ya ce kada a matso, bai furta kalmar mallaka ba, amma me ya rage maka? Mun ga irin wannan a da'irar da ke nisan kimanin kilomita 36,000 a saman layin ikwaita, inda taurarin sadarwa ke zama: waɗanda suka fara zuwa sun kame gurabe masu kyau, har wasu ƙasashe, ciki da Kenya da Yuganda, suka yi da'awar ɓangarensu a Bogota, babban birnin Kolombiya, a 1976, ba a kuwa saurare su ba.

Alhaji Garba: Ni ɗan kasuwa ne, kuma abin da nake ji a nan cinikin biri a sama ne. Har yanzu babu wanda ya tace ko kofi ɗaya na ruwa a Wata. Kumbon Odysseus na kamfanin Intuitive Machines ya sauka a 2024 amma ya kishingiɗa, na kamfanin Firefly ya tsaya da ƙafafunsa a 2025, sai dai babban mai biyan kuɗin dakon kayan duka biyun NASA ce. Kasuwar da gwamnati ce kusan kaɗai mai saye a cikinta ba ta kafu ba tukuna.

Barista Hauwa: Alhaji, ai kafin a buɗe kasuwa ake raba rumfuna. Kuma maganar ta shafe mu, domin Najeriya da Ruwanda ne ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu a Artemis, a Disambar 2022, alhali a cikinta an rubuta cewa haƙar albarkatu ba lalle ne ta zama mallaka ba. Gwamnatinmu ta ɗauki ɓangaren Injiniya ke nan, ko da yake takardar fahimtar juna ce, ba ta da ƙarfin tilastawa. Inda ya kamata wakilanmu su dage shi ne kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sararin samaniya da ke zama a Biyana, babban birnin Ostiriya, su nemi a sa wa yankin kariya iyaka da wa'adi.

Injiniya Bala: Na karɓi gyaran Dokta a kan ƙarancin wuri, kuma ban ƙi wa'adi ba, muddin ya isa mai zuba jari ya mayar da kuɗinsa. Ban janye cewa abin da aka ɗebo na mai ɗibarsa ne ba. Akwai kuma abin da ba mu taɓo ba: Sin ba ta iya saukar da Chang'e 4 a bayan Wata a 2019 ba sai da ta fara aika tauraron Queqiao ya riƙa isar da saƙo, don haka, Barista, idan za a tsara dokar ramuka, wa zai tsara kuɗin da masu taurarin sadarwa za su caji sauran masu zuwa?