Yaya zan rarrabe kalmomin Turanci na munanan halaye da ɓacin rai?

Ɗalibar Mabera:
Assalamu alaikum, malamai da yayyena. Ina shirin zana jarabawar JAMB, wadda darasin Turanci shi kaɗai yake ɗauke da tambayoyi 60 cikin 180, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kalmomin da suka shafi munanan halaye da ɓacin rai. A makon jiya aka ce mu yi rubutu a kan wanda muka fi girmamawa, sai na zaɓi mahaifiyata, na rubuta cewa ita "shameful" ce, a nufina mace ce mai kunya. Malamin ya zagaye kalmar da jan biro, ya kira ni gefe ya ce abin da na rubuta yana nufin ita kanta abin kunya ce. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shin haddace jerin kalmomi zan ci gaba da yi, ko akwai wata hanya?

Malamin Turanci, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki damu, domin kalmar da ta kayar da ke ta kayar da manya. A wurinmu kunya ado ce, kuma kalma ɗaya muke amfani da ita ga amaryar da ta sunkuyar da kai da kuma ɓarawon da aka kama a kasuwa, alhali Bature ya raba ta gida-gida. Wanda ba ya iya sakin jiki cikin mutane "shy" ne, wanda rawaninsa ya warware a gaban surukai "embarrassed" ne, shi kuwa wanda ya aikata laifi zuciyarsa tana zarginsa "ashamed" ne. Aikin da ya jawo abin faɗa shi ne "shameful", mara kunya kuma "shameless". Mahaifiyarki "modest" ce ko "reserved".

Haka yake ga kishi da hassada: "jealous" na wanda yake tsoron a raba shi da abin da yake hannunsa ne, "envious" kuwa na mai ƙyashin abin hannun wani, ko da yake a maganar yau da kullum Turawa sukan yi amfani da ta farkon a wuraren biyu. Ki daina rubuta kalma ɗaya a gaban fassara ɗaya. Kowace ki ɗaura ta a kan wani abu da kika gani da idonki.

Ɗan Jami'ar Danfodiyo:
Zan ƙara kaɗan a kan bayanin Malam. Ɗafa-goshi irin su un-, dis- da mis-, da ɗafa-ƙeyar -less, sukan juya ma'ana, amma akwai tarko da masu jarabawa suke so: "priceless" da "invaluable" duk yabo ne, na abin da darajarsa ta wuce kuɗi, mara amfani shi ne "worthless". Ki kuma kiyaye, idan kin gundura "bored" za ki ce, domin "boring" na nufin ke ce kike gundurar mutane.

Tsohon Akawu, Kanwuri:
'Yata, duk abin da suka faɗa gaskiya ne, sai dai ni nauyin kalma na fi jin tsoro a kan ma'anarta. Ina sabon ma'aikaci na taɓa rubuta wa shugabana cewa wani abokin aikinmu "stingy" ne da kayan ofis, ina ganin yabonsa nake yi a kan tattali. Ashe marowaci na kira shi, "thrifty" ya kamata in ce, kuma bawan Allahn nan ya yi wata guda yana amsa gaisuwata da ƙyar. A lokacin ƙamus ɗin Bargery na 1934 ne a kan teburina, wanda daga Hausa yake kai mutum Turanci, saboda haka dole in koma wani ƙamus na Turanci zalla in karanta misalan jimloli kafin in gane cewa "annoyed" haushi ne kawai, "angry" fushi, "furious" kuwa sai an riƙe mutum.

Ɗalibar Mabera:
Na gode, Baba, na gode, Malam, Allah ya ƙara ilimi. Na raba littafina shafi-shafi, na kunya daban, na fushi daban. Yanzu a kan takaici na tsaya, domin na ga "frustration" na kuma ga "disappointment", ban san wadda za ta dace da wanda ya yini a layin mai aka ce ya ƙare daidai kansa ba.