Kafin a saka yaro a ƙwallon Amurka

Iyaye idan suna tattauna batun saka yara a ƙwallon Amurka, wadda ake karo da kayar da juna a cikinta, sun fi tsayawa kan shekaru. Pop Warner, ƙungiyar da ke shirya wa yara wannan wasa a Amurka, na ɗaukar yara tun suna shekara 5, amma iyaye da yawa sun ce a bari sai 12, a fara da nau'in da ake fizge ƙyalle kawai daga ƙugun ɗan wasa maimakon a kayar da shi. Hujjarsu binciken da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta fitar a 2021: masu karo sun ninka masu ƙyalle sau 15 wajen shan bugu a ka.

Hular kwano kuwa ƙoƙon kai take karewa, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza. A binciki kocin ma, abin da iyaye kan manta. Yaron da ya yi jiri ko amai bayan karo, kada ya koma fili sai likita ya amince.