Baƙo zai zo mini daga gida: waɗanda suka zaga Amsterdam da baƙo, ya kuka ƙare?

Bakano a Almere:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Abokina na ƙuruciya, wanda muka yi makarantar allo tare, ya samu biza. Ƙarshen watan Yuni zai sauka filin jirgin saman Schiphol, kwana tara zai yi a wurina. Shekarata huɗu a Holan, amma maganar Allah Amsterdam ta tagar jirgin ƙasa kawai na san ta: in sauka Centraal, in faɗa metro, in yi aiki, in juyo gida. Ko jirgin ruwan nan na masu yawon buɗe ido ban taɓa shiga ba. Kunya nake gudu, kada baƙo ya zo ya tarar mai masaukin ma baƙo ne. Waɗanda suka taɓa yi, ina kuka kai baƙonku, kuma a ina kuka yi da-na-sani?

Maman Biyu, Utrecht:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, abu na farko ka yaga takardar da ka rubuta jerin wurare, don na san ka rubuta. Ni ma haka na yi bara da aminiyata ta zo daga Kaduna. Wuri tara na lissafa a rana ɗaya, har da awa nawa za mu yi a kowanne, sai ka ce jadawalin jarrabawa. Ita kuwa ta ci ado, takalmi mai tsini, mayafi yana jan ƙasa. Titunan bakin ruwa duk bulo ne aka jera, ga gadoji masu doro, ka hau ka sauka. Ba mu kai azahar ba ta cire takalmin ta riƙe a hannu.

Sai keke. Ka ja masa kunne tun a filin jirgi: duk inda ya ga ƙasa ja, hanyar keke ce, kada ya tsaya a kai. Aminiyata ta tsaya ɗaukar hoto a tsakiya, wata tsohuwa mai furfura ta zo a guje tana kaɗa ƙararrawa, saura ƙiris ta kwashe ta. Ta ce, "Ke, wannan gyatumar ko 'yan acaɓan Kawo ba su kai ta ba!" Mun yi dariya, amma ni cikina ya ɗuri ruwa.

Abin da ya gyara mana ranar shi ne gajiya. Muka zube a bakin Reguliersgracht, wurin da in ka duƙa kake hango gadoji bakwai a jere, muka yi kusan awa biyu muna hirar gida. A nan ta ɗaga kai ta ce wai ƙugiyar mece ce a saman kowane gida? Wallahi shekara shida ina wucewa ban taɓa ganin ta ba. Sai ga wasu suna tashi daga gida a tsallake: sun rataya igiya a ƙugiyar suna sauko da kujera ta taga, don benen ciki siriri ne, a miƙe kamar tsani, kujera ba ta bi. Shi ya sa ma wasu gidajen aka gina su sun ɗan sunkuyo gaba, kada kaya ya riƙa dukan bango.

Kuma ka shirya wa maganar atamfa. Ko shi bai tambaya ba, matarsa za ta tambaya. A gida an ɗauka nan ko'ina ka juya super ce a rataye. Kamfanin Vlisco mai yin atamfar yana Helmond ne, can kudu kusa da Eindhoven, tun 1846, kuma yawancin mutanen ƙasar ba su ma san kayan da muke kira Holan ba.

Ɗalibi a Delft:
Anti ta faɗi gaskiya, sai dai ni a kan jirgin ruwa na saɓa da masu cewa ɓarnar kuɗi ne. Ka sa shi a ranar farko. Awa ɗaya ce, yana zaune, ba ciwon ƙafa, kuma garin daga cikin ruwa aka tsara shi a gan shi. Manyan hanyoyin ruwan uku, Herengracht da Keizersgracht da Prinsengracht, da hannu aka haƙa su, an fara a 1613 lokacin da kuɗin fatauci ya yi wa garin yawa. Sun kewaye tsohon gari kamar ɓawon albasa, hukumar UNESCO ta sa su a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2010.

Nawa baƙon yayan abokina ne, ɗan kwangilar gine-gine. Bai damu da gidan tarihi ba ko kaɗan. Na kai shi Rijksmuseum, ya tsaya gaban babban zanen Rembrandt na 1642 minti biyu, ya ce to, mun gani. Amma da na ce masa ƙasar garin taɓo ce, duk gidajen nan a kan turakun itace suke da aka kafa har suka taɓa yashi mai ƙarfi, sai ido ya buɗe. Fadar sarki da ke dandalin Dam kaɗai turaku 13,659 ke ɗauke da ita. Ya ce itace a cikin ruwa shekara ɗari uku bai ruɓe ba? Na ce ai ruwan ne ke tsare shi, in iska ta same shi ne yake ruɓewa, shi ya sa ba a wasa da tsayin ruwa a nan. Ranar ko abinci bai nema ba, gida-gida yake bi yana duban waɗanda suka karkace.

Da-na-sanina ɗaya ne, kuma har yau in na tuna sai in ji zufa. Daga Centraal na bi taswirar waya don mu yanke zuwa Nieuwmarkt, ta ratsa da mu ta De Wallen, unguwar mata masu zaman kansu, gefen tsohon cocin Oude Kerk. Kun san abin da ke cikin tagogin wurin. Mutumin da nake kira Yaya, carbi a hannu. Shi bai ce uffan ba, ni ban ce ba, sai sauri muka ƙara, kowa ya kafa ido a kan takalminsa. Ka duba hanyarka tun daga gida.

Ɗan Zango a Bijlmer:
Chale, ka ƙara da wannan: inda aka rubuta coffeeshop ba wurin mai shayi ba ne, wiwi ake sayarwa. Baƙona daga Kumasi ya riga ni shiga, ƙaurin ne ya koro shi.

Ku kuna ta maganar gini, ba wanda ya yi maganar ciki da salla. Kwana biyu na burodi da cuku ya isa ya ɓata wa baƙo rai. Ka sa shi a metro ka kawo shi Bijlmer, mutanen Gana da Suriname da Najeriya sun cika nan, zai ci wake da shinkafa da yaji, ya samu naman halal ba tare da tambaya ba. Filin Ajax ma nan yake. In mai son ƙwallo ne ka tuna masa Tijjani Babangida, ɗan Kaduna, a ƙungiyar nan ya buga tun 1996, bayan su Kanu da Finidi sun ci kofin Turai da ita a 1995.

Salla a tsakiyar gari: masallacin Fatih na Turkawa a Rozengracht, tafiyar 'yan mintuna daga gidan Anne Frank, yarinyar nan Bayahudiya da ta ɓuya a cikinsa lokacin yaƙin duniya na biyu. Da coci ne, mai hasumiya biyu, kar ka wuce shi kana neman ƙubba. Ku yi alwala a can, don banɗaki a gari sai da kuɗi. Kuma a Yuni magariba sai bayan ƙarfe 10 na dare, ka faɗa masa da wuri kada ya ce agogonka ya lalace.

Hajiya daga Hague:
Gidan Anne Frank ta intanet kawai ake sayen tikiti, kuma makonni kafin ranar yake ƙarewa. Mu mun je haka nan, muka dawo da hoton ƙofa. Tiram kuma ba ya karɓar tsabar kuɗi, katin bankin baƙuwata na gida ya ƙi aiki, nawa na biyu na ba ta.

Ɗan Damagaram a Brussels:
Ni Bruges na kai nawa, awa guda a jirgin ƙasa daga nan. Ƙaramin gari ne, ruwan a kwance, ba hayaniyar kekuna kamar naku. Muka hau hasumiyar tsakiyar kasuwa, matakala 366, ya yi ta yi mini Allah ya isa tun daga ta ɗari. A cikin kwale-kwale kuwa shiru ya yi, sai can ya ce, "Mu muna sayen jarka a wurin 'yan ga-ruwa, su ruwa har ƙofar ɗaki kuma ba mai ɗiba." Ban samu abin ce masa ba. In kwana tara ne, ka ware guda ku zo, masauki na wuyana.

Bakano a Almere:
'Yan uwa, Allah ya saka da alheri, jiya na raka shi Schiphol. Takardar na yaga ta, Anti. Jirgin ruwa mun shiga ranar farko, ni na fi shi ɗaukar hoto. Ɗanyen kifin nan na haring da albasa ya ɗanɗana sau ɗaya, ya ce kifin da bai ga wuta ba amanar kyanwa ce, ya miƙo mini. Bijlmer sau uku muka je.

Abin da ya fi so kuwa ba a biyan ko sisi: jirgin fito na bayan Centraal, mai tsallaka ruwan IJ zuwa arewacin gari. Minti biyar bai cika ba. Mutane na turo kekunansu ciki, da mai kwat da mai goyo a kujerar gaba, ba kwandasta, ba mai cewa a matsa. Muka je muka dawo, ya ce a sake. Sau huɗu muka yi a yammacin nan, yana tsaye a baki iska na kaɗa masa babbar riga, yana ta lissafin abin da mai jirgi zai tara a rana da a Kano ne. Bruges ba mu samu zuwa ba, ɗan uwa, a yi mana afuwa, ƙafarsa ta kumbura a kwana na shida.

Ya tafi da ƙararrawar keke guda biyu na yaransa. Anti Maman Biyu, maganarki ta tabbata: tun yana cikin jirgi uwargidansa ta kira ni, turmi uku take so kafin babbar salla. Wa zai je Helmond cikin watan nan?