Neman shawara: doguwar bindigar iska wadda wani ya riga ya yi amfani da ita don gasar mita 10, me zan duba kafin in biya?

Ɗan Ƙofar Marusa:

Salamu alaikum 'yan uwa, da fatan an wuni lafiya. Shawara nike nema don Allah, kuma tun farko ba maganar bindigar farauta ko ta tsaron gida nike ba, kar wani ya fahimce ni a baibai. Lokacin da nike karatu a Indiya na shiga kulob ɗin harbi na makarantarmu, can wasan ya karɓu sosai tun da Abhinav Bindra ya ciyo masu zinare a Olamfik ta 2008, to shekara biyu na yi ina harbin mita 10 da bindigar kulob, ban taɓa mallakar tawa ba. Ga wanda bai san wasan ba, a tsaye ake yi, harbi 60 cikin minti 75, kuma ɗigon tsakiya da ake nema rabin milimita ne kacal, kamar ka ɗiga biro kan takarda. Tunda na dawo Katsina abin ke raina wallahi.

Yanzu akwai wani dattijo a Kaduna abokin kawuna, ya aje wasan saboda idonshi ya yi rauni, yana da guda biyu duk Feinwerkbau na Jamus, ɗaya 700 mai silindar matsattsiyar iska, ɗaya tsohuwa 602 wadda ake ɗanawa da hannu, ya ce in zo in zaɓi ɗaya. Sabuwa irin ta gasa ta haura Yuro 2,500 tun kafin a yi maganar kawowa, ku lissafa da naira ku gani, ba layina ba ne. A hoto duka biyun fes suke. To me zan duba in na je, kuma in ku ne wacce za ku ɗauka? Kuɗin da zan sa tarin shekara guda ne, ban so in sayo ciwon kai.

Baba Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin ka duba ƙarfe duba takarda. Mutane na ɗauka tunda babu albarushi a ciki to abin wasan yara ce, a dokar ƙasar nan ba haka take ba. Dokar makamai ta 1959 ta jera bindigar iska cikin rukunin da sai da lasisi, layi ɗaya da bindigar farauta, kuma Sufeto Janar na 'yan sanda ke da ikon ba da shi. Lasisin wancan dattijon nashi ne, da sunanshi da lambar bindigar, ba ya bin ka gida don ka biya kuɗi. Sannan a 2023 'yan sanda sun sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, saboda haka ka taka da ƙafarka ka je hedikwata ka tambayi inda maganar ta kwana, kar ka tsaya kan an ce ka ce. Ka kuma nemi hukumar wasan harbi ta ƙasa ka yi rajista, wanda ke ƙarƙashin ƙungiya maganarshi ta fi sauƙin saurare.

Ka san halin da jiharmu ke ciki. Daga Kaduna zuwa nan shinge nawa za ka wuce? Yaron da ke bakin shinge da dare bai san wani mita 10 ba, doguwar bindiga zai gani a but. Ka rufa wa kanka da iyayenka asiri, kar ka ɗauko ta sai takarda ta fito da sunanka.

Injiniya Daura:

Maganar Baba ita ce gaba da komai, ban da abin ƙarawa. Ni ɓangaren ƙarfen zan taɓa tunda aikina kenan, kwamfiresa da famfo, kuma na riƙe irin waɗannan na wasu shekaru.

Ƙanena in ka isa kar kyan katako ya ɗauke maka hankali, fara kwance silindar 700 ɗin ka juya ta, akwai shekarar da aka ƙera ta a buge a jiki. Shekara 10 kamfani ya ba ta, in ta wuce ta gama aiki ko da kau tana ƙyalli, kuma a gasa ta gaske nauyin ɗan wasa ne ya tabbatar tashi ba ta wuce wa'adi ba. Ba ƙa'idar banza ba ce, matsin iskar da ke ciki bar 200 ne (bar shi ne ma'aunin matsin iska), tayar motarka bar 2 da 'yan kai ake sa mata, ka ga kusan ninki ɗari kenan kuma kusa da fuskarka take. In ta wuce to ka cire kuɗin sabuwa daga cinikin.

Sai sacewar iska. Ka roƙe shi tun yau ya cika ta ya ɗauki hoton agogon da ke bakin silindar ya turo maka, ranar da ka je ka duba ko allurar ta sauka. Robobin ciki bushewa suke in an daɗe ba a harba ba, balle da zafin nan namu. Wannan kam ba babbar matsala ba ce, robobi ana samu. Wanda ke kashe mutum a gasa shi ne regileta, wato abin da ke rage iskar silinda ya auna wa kowane harbi daidai rabonshi. In ya gaji bindigar za ta yi ta harbi lafiya lau a kunnenka amma wani harsashin ya fita da sauri wani a hankali, kai kuma ka yi ta zargin hannunka. Ya taɓa faruwa da ni, na saya wajen wani ban gwada ba don kunya, wata uku ina ganin harbi na sauka ƙasa in na kai wajen na arba'in, har na fara tunanin idona ne. Sai da na samu aron na'urar auna gudun harsashi na gano. Lafiyayya tana bada wajen mita 170 zuwa 175 a daƙiƙa, kuma tsakanin harbi da harbi bambancin bai kamata ya wuce mita biyu ko uku ba. Tsofaffin 'yan wasa da yawa na da na'urar, ka tambaye shi. Kar ka yi harbi biyar ka ce ta yi, yi 60 cur kamar kana gasa.

In babu na'urar to takarda ba ta ƙarya. A kafe bindigar kan benci yadda ba za ta motsa ba, ko a ɗora ta kan buhun yashi, a auna mita 10 da tef, ka saki goma. Rami ɗaya ya kamata ka gani, wanda da kaɗan ya fi harsashin faɗi, shi kau harsashin milimita 4.5 ne. In ramin ya yi tsawo sama da ƙasa iska ce ba daidai ba, in ya watse ko ta ina to ka zargi bututu ko harsashin. Ka tafi da naka gwangwanin harsashi mai kyau, RWS R10 ko H&N Finale Match, masu shafaffen kai, don na kasuwa da ake harbin kurciya da shi zai sa ka raina bindiga mai lafiya. Sabuwa daga kamfani da 'yar takardar gwajinta take zuwa, in har yanzu yana da ita ka gwada da taka.

Ka haska tocila cikin bututun ka ga ko akwai tsatsa, ka duba leɓen bututun inda harsashi ke fita, ko ɗan tabo ne a wurin ya isa ya karkatar da shi. Kunama kuma ka sa ta a yanayin gwaji mara iska ka ja sau ashirin, ta zo ta tsaya wuri ɗaya ta saki wuri ɗaya kowane ja. Saitin baya ka murɗa shi dama da hagu, sama da ƙasa, ka ji yana ƙas ƙas babu lako-lako, shi kaɗai kuɗi ne mai yawa in ya lalace. Kan sukurori ma na ba da labari, in ka ga duk sun cinye to wani ya sha buɗe ta da makullin da ba nata ba.

Malamin Firamare:

Injiniya ya yi bayani Allah ya saka. Amma ni tambaya ɗaya zan maka abokina, in ka sayi mai silinda a ina za ka riƙa cika ta a Katsina? Turawa wajen masu kayan ninƙaya suke zuwa a cika masu babbar tukunya, mu nan ina muka ga wannan. Mai faci ba zai iya ba, injinshi ko kusa bai kai ba. Kuma don girman Allah kar wani ya ce maka ka je wajen masu walda a sa maka oksijin, wannan bam ne, ya haɗu da ɗan maiƙo shikenan. Abin da ya rage sai famfon hannu na musamman, shi ma kuɗi ne, kuma da damina yana tura laima ciki in babu matacin da ke busar da iskar. Ga zafi, ka cika 200 da safe ka bar ta cikin mota a watan Afrilu, kan azahar ta haura 220.

Ni 602 zan ɗauka ba ko tantama. Ja ɗaya za ka yi wa hannun ta matse iskar harbi ɗaya, ba silinda ba wa'adi ba famfo, kai da gwangwanin harsashi kawai. Da irinsu aka yi ta cin gasar duniya a shekarun 1980 da 1990, kuma faɗin ɗigon nan bai canza ba tun 1989. Bindigar ta fi hannunka daidai, ta fi nawa, za ka yi shekaru kafin ka kai inda ita ce ke riƙe ka. Abin dubawa a jikinta robar fistin da 'yar robar bakin inda ake sa harsashi, in ka ɗana ka jira minti ɗaya ka harba ka ji ƙarfin ya ragu to tana sacewa. Ragowar kuɗin ka sayi riga da safar hannu da harsashi mai yawa, su za su ɗaga maka maki.

Injiniya Daura:

Malam gaskiyarka ta wajen cikawa, amma ka faɗa mashi ɗaya gefen. Sau 60 zai ɗana ta, ban da na gwaji, kowane ɗanawa sai ya motsa daga tsayuwarshi kuma bugun zuciya ya ɗan hau, ga bindiga mai nauyin kusan kilo 5. Dalilin da ya sa manyan 'yan wasa duk suka koma silinda kenan, yanzu da ake lissafin maki da ɗigo har 10.9 ɗan abu kaɗan ke raba na ɗaya da na goma. Sannan kayan gyaran tsofaffin sai an nema. In atisaye a gida ne burinshi na yarda da kai, in yana hangen zuwa Abuja ko Legas gasa to ya yi tunani.

Yayarku ta Ƙofar Ƙaura:

Ni ban san kan bindiga ba amma ina da yara a gida, shi ya sa zan sa baki. Ƙanena a ina za ka riƙa harbin? In cikin gida ne to ka tanadi akwatin ƙarfe da zai tare harsashin da kuma inda za ka kulle ta da kwaɗo, don yara ba abin da ba su taɓawa. Kuma harsashin na dalma ne, ita kau guba ce, ka riƙa wanke hannu kafin ka ci abinci, ka share wadda ta zube kar na rarrafe ya tsinta ya kai baki. Ka kuma je ka gaida mai unguwa ka yi mashi bayani da bakinka tun kafin maƙwabta su kai mashi nasu labarin.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba na ji, jiya na je hedikwata an ce in dawo ranar Litinin in ga jami'in da ke kula da sashen, kuma na kira dattijon na faɗa mashi ba zan ɗauko komai ba sai takarda ta kammala, ya ce dama shi ma ba zai bari ta fita gidanshi haka nan ba, har ya ce in riƙa zuwa ina atisaye a wurinshi kafin nan. Yaya akwai wani dogon ɗaki a gidanmu da ba a amfani da shi, na auna ya kai mita 12, kuma yana da ƙofar ƙarfe, maganar mai unguwa kau ban ma kawo ta a raina ba sai da kika faɗa.

Injiniya, dattijon ya turo mani hoton silindar, 2011 ke jiki, ka ga ta daɗe da wucewa, shi kanshi bai lura ba don ya ce rabonshi da ita shekara shida. Na ce kar ya cika ta. To yanzu ban san yadda zan gwada 700 ɗin ba tunda babu wata silindar. Ita 602 ya ce tana harbi amma bai taɓa canza mata roba ba. Zuciyata ta fara karkata wajen maganar Malam gaskiya, duk da da mai silinda na saba a can.

Injiniya Daura:

Ka yi daidai da ka hana shi cikawa. Abin da ba ka gwada ba kar ka biya kuɗin lafiyayye a kanshi, shekara shida a ajiye ka ɗauka kawai robobi da regileta duk sai an taɓa, ga sabuwar silinda ga famfo, ka haɗa lissafin ka gani ko har yanzu araha ce. Ka karɓi lambar jikin kowace ka tura wa kamfanin ta imel ka tambayi shekarar ƙira da ko suna da robobin 602, amsarsu za ta taimaka maka wajen yanke shawara. In za ka Kaduna Asabar ɗin nan ka yi mani magana, ina da gwangwani biyu na R10, ɗaya mai faɗin milimita 4.49 ɗaya 4.50, sai in ba direban Daura ya aje maka a tasha ka gwada mata duka biyun ka ga wanda ta fi so. Ka ɗauko hoton takardun da ka harba ka sa mamu nan, ka aje biro kusa da ramin don mu gane girmanshi.