Wai kiɗa da opera na sanyaya zuciyar ɗan shekara 12?

Malamar Aji Biyu: Ni fa jama'a ina nan kan bakana, yaro tsakanin shekara 11 zuwa 14 ba bulala ya fi buƙata ba, wajen da zai sauke abin da ke cin sa a rai yake nema. Ku duba Benezuwela, a 1975 José Antonio Abreu ya tara matasa 11 a garejin motoci a Karakas ya fara koya musu kiɗan taro, shi ne El Sistema, yanzu yara dubbai ne a ciki kuma kyauta. A nan Gustavo Dudamel ya taso har ya jagoranci kiɗan gidan opera na Paris daga 2021 zuwa 2023.

Kawu: Opera ɗin ba ita ce mace ke tsayawa tana ƙwala ihu kamar an take mata yatsa ba? Ita ce za ta gyara yaro?

Malamar Aji Biyu: Haba Kawu 😂 wasan kwaikwayo ne fa, sai dai maganar duka rera ta ake yi da kiɗa. Yaron da ba zai taɓa ce maka yana jin tsoro ko yana kishin ƙaninsa ba, in ka ba shi rawar wani ya taka sai ya faɗa da bakin wancan, ba kunya tunda ai "ba shi ba ne".

Kawu: Ni ba zancen halas da haram na kawo ba, wannan na malamai ne. Dudamel mutum ɗaya ne ƴata, ina sauran?

Baban Ƴan Biyu: Malama ki yi haƙuri amma wannan labarin garejin an fi ƙarfinsa da talla. Bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka da kansa ya ba shirin bashin dala miliyan 150 a 2007, daga baya masu bincikensa suka bi yara 2,914 ƴan shekara 6 zuwa 14, ƙuri'a aka yi wasu suka shiga nan take wasu aka ce su jira shekara guda, to da aka gwada ba a ga ƙwaƙwalwar waɗanda suka shiga ta fi ta masu jiran ba, kuma abin da ya fi ba ni mamaki wai shirin talakawa ne amma 16.7 cikin 100 ne kawai matalauta a yaran, alhali a jihohin da suke talauci ya kai 46.5. Kin ga ƴaƴan masu ɗan hali ne suka cika wajen.

Malamar Aji Biyu: Yaya ƙarasa mana binciken dai, kar ka yanke inda ya yi maka daɗi. Shi wannan binciken ya ce yaran sun fi iya danne zuciya kuma rashin ji ya ragu, musamman yara maza da suka taso suna ganin tashin hankali. Ni dama ban ce zai sa yaro ya ci lissafi ba, zuciya nake magana.

Baban Ƴan Biyu: Na yarda da wannan, amma kaɗan ne ba yadda ake zuzutawa ba. Akwai Geoffrey Baker wani masani ɗan Ingila da ya zauna can ya yi bincike, a 2014 ya fito ya ce tsarin akwai danniya, awanni ana maimaita abu ɗaya, shugaban makaɗa ya ɗaga sanda kowa ya bi, yaro ba shi da ta cewa. To wannan bayyana zuciya ne ko fareti?

Anti Nas: Ku bar ni in shigo nan. Ni abin da na gani shi ne jiran. Yaro na riƙe da kayan kiɗansa yana ƙirga bugu a zuci, bakinsa na motsi, ba zai shigo ba sai lokacinsa ya yi, in ya yi gaggawa ya ɓata wa mutum hamsin aiki kuma kowa ya ji. A can Benezuwela ma ƙananan da goge na kwali suke farawa, ba ya fitar da sauti ko kaɗan, zama da riƙo da jira kawai suke koya. Ɗan shekara 13 da murya ta fara fashe masa, abu kaɗan ya hasala, wlh wannan jiran ba ƙaramin abu ba ne gare shi.

Kawu: To in jira ne da bin layi ai ƙwallo ma na koyarwa, makarantar allo ma haka. Me ya kai mu sayen goge na dubban kuɗi?

Anti Nas: Ƙwallo ba ta ba ka damar yin kuka a gaban mutane a tafa maka Kawu.

Malamar Aji Biyu: Kuma ba sai da goge ba. Tashe fa? Yara su shirya da kansu, su raba rawa, wannan ya manna gemun auduga ya zama tsoho, su rera su amsa, har su yi wa manya shaguɓe ba a dake su ba. Ba mai sanda a kansu, wanda shi ne ƙorafin Yaya.

Baban Ƴan Biyu: Tashe na ƴan kwanaki ne cikin azumi Malama, su can kusan kullum ne bayan an tashi makaranta. In da gaske kike ki karɓi awa ɗaya duk Laraba a ajinki zango guda ana irin wannan wasan da waƙa, sai ki zo mana da lissafin faɗan da aka raba kafin da bayan.

Malamar Aji Biyu: Na karɓa, amma kai za ka je ka shawo kan shugaban makaranta, don ranar Laraba ce ake sharar fili.