Mark-making: zane ne, zayyana ce, ko sawun hannu?

1. Ina shirya darasi ga masu koyon rini da surfani, sai wata kalmar Turanci ta gagare ni: mark-making. Masu fasahar yadi a Ingila ba sa rabuwa da ita. Abin da suke nufi shi ne duk wani ɗigo, layi ko karce da hannu ya bari a jikin yadi da gangan, ko da allura ne, ko tsinke, ko ganye, ko tsatsar tsohuwar ƙusa. Bai kai hoto ba tukuna.

2. Da farko na rubuta "zane". A baki babu matsala, domin na ɗaurawa gajeren wasali gare shi, na alƙalami kuwa dogo. A rubutun boko fa? Sai ka ga "zane a kan zane". Ɗalibi zai yi dariya, kuma da gaskiyarsa.

3. Wata yayata ta ce zayyana. Yaya, kalmar tana da kyau, amma tana da mai ita. Aska takwas, aska biyu, dagi da tambari a gaban babbar riga su ne zayyana: an riga an san siffarsu, wani ya shata, mai ɗinki ya bi. Abin da muke nema yana zuwa kafin nan, lokacin da hannu ke lalube.

4. Tabo aibi ne, ba wanda zai sayi shaddar da aka ce tana da tabo. Alama kuma ta yi faɗi.

5. Ni dai na tsaya a kan "sawun hannu". Ku dubi inda masu wannan aiki ke ɗauko abinsu. Kunyoyin gona bayan huɗa. Yadda ƙasar fadama ke tsattsagewa da rani. Inda zabi suka ratsa cikin rairayi da sassafe, ko inda ruwan indararo ya zubo ya bar layi a jikin katangar ƙasa. Kowanne cikinsu abu ne ya wuce ya bar shaidarsa. Mai allura ma abin da take yi ke nan: ta ga kunyar gona, ta jera gajerun ɗinki kusa da kusa, wani ya karkace, ta bar shi a karkacensa.

6. Kalmar ta hau kan bogolan, wato yadin da ƙabilar Bamana a Mali ke yi wa ado da laka. Ana fara jiƙa saƙi a ruwan ganye ya yi rawaya, sannan a shafa laka mai tsami da ɗan tsinke. Ƙarfen da ke cikin lakar ya haɗu da ruwan ganyen, wurin ya yi baƙi ko bayan an wanke. Ta kuma hau kan marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 take, inda kowane ƙulli da aka ɗaure kafin a tsoma a shuni ke barin farin zobe.

7. Wani malaminmu ya ce sawu na ƙafa ne. Allah ya gafarta Malam, ai muna cewa sawun mota da sawun keke, ba kuwa mai ƙafa irin ta mutum a cikinsu. Abin da ya fi damuna shi ne kusancinsa da "sa hannu" idan an faɗa da sauri.

8. A takardar darasin na rubuta: "Ku fita wajen gida, ku samo sawaye uku, ku mai da su sawun hannu a kan farin ƙyalle." Ranar Asabar zan ji ko sun gane ba tare da na yi ƙarin bayani ba.