Wa ya taɓa ajiye kuɗin ciniki a smat kwantirak har rigima ta taso?

Mai rubuta manhaja: Assalamu alaikum. Wani Bature zai ba ni aiki, ya ce zai zuba kuɗin a smat kwantirak, wato manhajar da ke zartar da ciniki da kanta, a tsarin kuɗin intanet na Ethereum, manhajar ta riƙe, in na miƙa aiki ta sake min. Wai ba sai mun sa hannu a takarda ba. Don Allah wanda ya taɓa yi ya ba ni labari.

Ɗan kasuwar waya: Wa alaikumus salam. Ni na yi, kuma na ji a jikina. Na yi odar wayoyi, aka tsara cewa da zarar kamfanin jigila ya nuna kaya sun iso, kuɗi su tafi. Kaya suka iso, kuɗi suka tafi nan take. Da na buɗe kwali, kusan rabi tsofaffi ne da aka sake wa fuska. Manhajar ba ta san sabo da tsoho ba, isowa kawai aka koya mata. Da a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ne, shugabannin kasuwa za su zaunar da mu a warware cinikin. A nan ko sunan mutumin na gaskiya ban riƙe ba.

Mai zanen talla: Ni kam alhamdu lillahi, sau uku ana biyana haka, ba "gobe", ba "jibi". Amma ƙananan ayyuka ne, Yaya.

Lauya: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Irin naka ya taɓa zuwa ofishina, abin da na fara tambaya shi ne: wa za mu kai ƙara, kuma a wace ƙasa? Smat kwantirak hanyar zartarwa ce. Yarjejeniyar ita ce tayi da karɓa da abin da kuka yi nufi, kuma ita alƙali ke nema. Hukumar gyaran dokoki ta Ingila ta ce a 2021 dokarsu na iya ɗaukar irin wannan yarjejeniya, a Najeriya kuma sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda da hujjar kwamfuta bisa sharuɗɗa. Sai dai alƙali mutum yake umarta, ba zai iya juya abin da ya riga ya hau blokcen ba, wato kundin intanet da ake rubuta irin wannan ciniki a ciki. A 2016 da aka kwashe ether, kuɗin Ethereum, kusan miliyan 3.6 daga The DAO, wani asusun zuba jari da ke gudana a smat kwantirak, sai da aka sauya tsarin Ethereum ɗin kansa kafin a dawo da su, shi ya sa ya rabu biyu.

Mai rubuta manhaja: To Barista, in ƙi aikin ke nan?

Lauya: A'a, ka karɓa. Amma ku rubuta takarda a gefe: cikakken suna da adireshi, me ake nufi da "aiki ya kammala", dokar wace ƙasa za a bi, da wanda zai rinjaya in takarda da manhaja sun saɓa. Kuma wani masani ya karanta maka manhajar kafin a zuba ko sisi.